ZAUREN 'YAN MATA: Takarda Mai Ado Gishiri Ce, Ba Tuwo Ba

 

A wannan fitowa na jingine maganar girke-girke da na yi muku alkawari, saboda wasiƙu uku da suka zo mini a kan magana guda, biyu daga Jega, ɗaya daga Maiyama. Ta Maiyaman ita ce ta fi tsaya mini a rai. Yarinya ce 'yar aji shida na sakandare, ta ce ita da ƙawayenta sun shirya kowacce za ta haɗa littafin tunawa kafin a rabu, wato littafin da ake manna hotuna da katuna a yi musu ado, a rubuta sunan kowa da 'yar maganar ban kwana. Ta ce ta gani a waya yadda ake yin sa da wasu takardu masu furanni da zane-zane, ta tambayi kuɗin ƙunshi ɗaya wurin wata mai saidawa, sai ta tarar ya kusa cinye kuɗin guzurinta na zango guda. Da ta kai kuka wurin ƙawarta, sai ƙawar ta ce, "Ke kam kina da abin haushi, mi ar ranar wanda ka zuwa zance wurinki? Ki hwaɗa mai mana." Shi ne ta rufe wasiƙar da cewa, "Anti, don Allah mi kika gani?"

To ƙanwata, abin da na gani shi ne kada ki faɗa masa. Zan dawo kan wannan. Amma tun da fari ina so ki sani, ke da duk mai irin wannan damuwa, cewa littafin nan za a iya yin sa ya fito tsaf, har a riƙa karɓa ana kallo, da takarda mai ado guda biyu rak, in an matsa ma guda ɗaya. Ba tatsuniya nake muku ba, lissafi ne, kuma za mu yi shi tare.

Shi dai wannan yayi na takarda ta musamman daga Amurka ya taso. Manna abubuwa a littafi tsohuwar al'ada ce a can, har marubucin nan nasu Mark Twain ya taɓa ƙirƙiro littafi mai gam a jikin shafinsa a shekarun 1870, ya kuwa ci kasuwa da shi. Amma mayar da abin ya zama sana'ar saida takarda sai wajen 1980 zuwa 1981, lokacin da wata mata a jihar Yuta mai suna Marielen Christensen ta baje kundayen hotunan danginta a wani taro, mutane suka yi sha'awa, ta buɗe kanti. Daga nan kamfanoni suka shigo, suka yanka takardar inci 12 tsawo inci 12 faɗi, suka koya wa mata cewa kowane shafi sai an shimfiɗa masa sabuwa. Ai dole su faɗi haka, abincinsu ke nan. Mu kuma da muke kallon bidiyonsu a waya sai mu ɗauka in ba a yi haka ba, ba a yi daidai ba.

Ga shi kuwa mu takarda ba tamu ba ce. Manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa, na Jebba da na Oku Iboku da na Iwopin, duk sun durƙushe a shekarun 1990, mafi yawan takarda mai kyau daga waje ake shigo da ita. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na shekarar, duk abin da ya ƙetaro teku ya hau mota zuwa Kebbi sai da ya yi tashin gwauron zabi. Kowacce a cikinku ta gani a kuɗin littafin rubutu ma. Kuma ba yau ƙasar nan ta fara ganin tsadar takarda ba. A zamanin su Malam Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u, takarda a kan raƙumi take ratso Sahara, irin ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, shi ya sa yara suke karatu a allo, malamai kuma ba sa barin ko gefen shafi ya tafi a banza. In mutanen da suka rubuta littattafan da har yau ake karantawa sun yi tattalin takarda, ina ga ni da ke da za mu manna hoton ranar kamu?

To, ɗauko rula mu zauna.

Takardar naɗe kyauta irin wadda ake samu a shagunan kayan biki da na littattafai, yawancinta santimita 50 ce a faɗi, 70 a tsawo. Shafin littafi irin girman takardar hoton kwafi, wadda ake kira A4, santimita 21 ne da kusan 30. In kika ce za ki rufe shafi baki ɗaya kamar yadda kika gani a waya, shafi 4 kawai takardar nan za ta ba ki, sauran ya zama ɓarɓashi. Littafi mai shafi 40 ke nan sai kin sayi goma. Sannan ki zo ki ɗora hotuna biyu a kan kowane shafi, irin masu inci 4 da 6, wato santimita 10 da 15. Hotunan nan biyu sun danne kusan rabin shafin. Ma'ana rabin kuɗinki yana kwance a ƙarƙashin hoto, inda ba idon da zai taɓa ganinsa sai na kyankyaso.

Yanzu kuma ɗauki wannan takarda guda ɗaya, ki kwantar da ita, ki ja layi da fensir a bayanta, ki tsaga ta siri-siri ta tsawonta, kowane sili faɗin santimita 2. Sili 25 za ki samu, kowanne tsawon santimita 70. Sili guda ya isa ya kewaye hoto ɗaya ta gefe huɗu, rabin faɗinsa ya shige ƙarƙashin hoton rabi ya leƙo waje, har ma ki sami rarar kusan santimita 12. Takardar da ta ba ki shafi 4 ɗazu, yanzu ta yi wa hoto 25 ado. Kuma wallahi wanda zai buɗe littafin ba zai taɓa sanin cewa ƙarƙashin hoton babu komai ba, shi dai ya ga hoto zaune a kan furanni.

Wannan ita ce uwar dabarar, sauran duk 'ya'yanta ne. In kusurwar ta ba ki wahala wajen haɗawa, domin gaskiya tana son hannu, akwai hanyar ragwaye irina. Ki yanko takarda santimita 12 da 17, ki ɗan naɗe ta ba tare da kin karya ba, ki sa almakashi ki ƙwaƙule cikinta, ki fitar da santimita 8 da 13, ya rage miki kamar bakin taga. Shi za ki manna, hoto ya hau kai ya rufe ramin. Abin da kika ƙwaƙulo kuwa kada ki yar, ya isa shimfiɗar hoton fasfo guda biyu, kuma ai hoton fasfo shi ne ya fi yawa a hannun 'yan aji shida, kowacce tana da ragowar na cike fam ɗin jarrabawa.

Ita shimfiɗar shafin fa, Anti? Ki bar ta fara, ko ruwan ƙasa, ko baƙa. Littafin zane na 'yan makaranta mai kaurin takarda ya wadatar, ko ki sayi kwalin zane ki yanka ki kai a ɗinke miki. Na san za a ce farin shafi talauci ne. Ba talauci ba ne. Ku dubi yadda muke sa kaya mana. Wace mai hankali ce za ta ɗaura zane mai furanni, riga mai wani furen dabam, ɗankwali mai ɗigo-ɗigo, gyale mai ratsi, ta ce ta yi kwalliya? Ai sai a ce ko lafiya. In atamfa ta cika hayaniya, mayafi mai launi ɗaya ake nema mata. Haka hoto yake. Hoton biki dama ya riga ya cika da launi, ga anko, ga lalle, ga gwaggwaro, in kika ɗora shi a kan furanni shafi guda sai fuskar amarya ta ɓace, ido ya rasa inda zai sauka. Ni a ganina takarda mai ado iri biyu ta ishi shafi, ɗaya mai manyan zane, ɗaya mai ƙanana, sai kuma a bar ido ya huta. Na sha ganin littafin da aka kashe wa kuɗi har ya ba ni tausayi, shafi kamar an zubar da tiren mai alewa.

Amma inda nake son mu daɗe shi ne a kan takardar da ba ta saye ba, domin a nan ne mu muka fi waɗancan na waya arziki ba mu sani ba.

Ku tuna gidan biki washegarin kai amarya. Me ake sharewa? Takardun da aka naɗo kyaututtuka, kwalayen turare masu ruwan zinari, kwalin sabulu, kwalin takalmi, katunan gayyata da suka yi saura, ambulan masu zane a ciki, tambarin nan mai ƙyalli da ake ɓamɓarewa daga jikin atamfa da shadda, kalandar ango da amarya. Duk a tara a kai bola ko a hura wuta da su. Ke kuwa ki zama mai wayo, ki je da jakar leda ki ce wa uwar biki, "Inna, don Allah kada a yage takardun nan, ina so." Ba wadda za ta hana ki, iyaka a yi miki dariya. Ni kakata in ta gan ni ina tsince-tsincen nan cewa take, "Ke ɗiyag ga, wagga shara mi za ki yi da ita?" Amma ranar da na buɗe mata shafin bikin autarta, ta ga hoton kewaye da ainihin takardar da ita da hannunta ta sa aka naɗe kwallar da ta bayar, sai da ta yi shiru ta share ido da gefen zane. Takardar kanti ba za ta taɓa yin wannan aikin ba, ko daga wace ƙasa ta zo, domin ba ta san amarya ba.

In takardar ta yamutse, ki shimfiɗa ta a kife, ki ɗora tsohon ɗankwali, ki bi ta da dutsen guga mai ɗumi kaɗan. Sai dai ki lura, akwai irin mai ƙyalli wadda ba takarda ba ce, leda ce. Wannan kada wuta ta kusance ta, narkewa take, kuma gam ba ya kama ta da kyau. Ki gane ta da cewa ba ta yaguwa sai dai ta miƙe. Ni ban cika son ta ba, in dai ba ɗan tauraro za a yanka a ciki ba.

Katin gayyata kuwa dukiya ne. Guda ɗaya ki manna shi yadda yake saboda kwanan wata da sunaye. Sauran ki yanke bakinsu mai zanen zinari ki yi wa shafi iyaka da shi, ki yanko furannin kusurwa ɗaya bayan ɗaya. Kwalinsa yana da kauri, saboda haka ya fi kowace takarda daɗin yanka haruffa, in kina son rubuta KAMU ko WALIMA ko AJI SHIDA a saman shafi.

Sai ƙyallen anko. A nan kam na ce mun yi wa Turawa fintinkau. Babu bikin da ba a fitar da anko, babu kuma telan da ba ya share ƙyallaye kullum da yamma. In kin kai ɗinki ki ce masa, "Malam, ragowar ƙyallen a sa mini cikin leda." Ki sa wa ƙyallen sitaci mai kauri, ya bushe, ki goge shi, za ki ga ya tsaya ƙyam kamar takarda, almakashi yana cin sa ba zare ko ɗaya da zai zazzago. Ki yanka sili-sili kamar yadda muka yi ɗazu, ko ki bi zanen atamfar ki fitar da fure guda ki ajiye shi a kusurwa. Shekara ashirin nan gaba, hoto zai iya dusashewa, amma 'yarki za ta sa yatsa ta taɓa ainihin zanen da kika sa ranar bikin yayarki. 'Yan makaranta kuma, kada ku manta da ƙyallen yunifom da na kayan hawus. Shafin farko na littafin ban kwana ba abin da ya dace da shi kamar wannan, kuma ko sisi ba a kashe ba.

Ku 'yan Aliero kuna da wata gata. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garinku a 2006, shagunan hoton kwafi da ɗinkin littafi suka yawaita, kuma duk lokacin da ɗalibai ke haɗa kundin kammala karatu ana datse kwalaye masu launi, shuɗi da kore da ruwan hoda, gefen yana zuba ƙasa. Haka ma a Jega wajen masu yi wa ɗaliban kwalejin kiwon lafiya aiki, da masu buga katin biki. Ku aiki ƙanenku ya tambayo, kada ku je ku tsaya a shagon maza kuna wangale baki. Sau da yawa kyauta za a ba shi, don dama zubarwa za a yi.

Gata ta biyu ita ce albasa. Kada ku yi dariya. Garin da ake loda wa manyan motoci albasa zuwa Kudu har da maƙwabtan ƙasashe, ɓawonta busasshe ai sai dai iska ta kwasa. Ki cika tukunya ƙarama da ɓawon nan, ki zuba ruwa ya sha kansa, ki tafasa kamar rabin awa, ki tace ki bar shi ya huce. Ki zuba a faranti mai faɗi, ki tsoma farar takarda, ki ɗaga a hankali ki shanya a inuwa a kan tabarma. Za ta fito da wani launi tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙasa, kamar tsohuwar wasiƙa, rubutun baƙin biro yana yi mata kyau ƙwarai. In kin jefa ɗan alam, irin na tace ruwa, launin yakan juya wajen ruwan ɗorawa mai ratsin kore. In kuma kin yamutsa takardar kafin ki tsoma, layukan yamutsin sun fi shan rini, sai ta fito da jijiyoyi kamar an zana. Zoɓo, ko soɓorodo kamar yadda muke cewa a nan, yana ba da ja mai ruwan hoda, in aka ɗiga masa ruwan kanwa ya koma shuɗi-shuɗi. Sai dai shi zoɓo ba ya da alkawari, yana kwana biyu ya kwashe launinsa, musamman in yana ganin rana, kuma yana da tsami, don haka kada ki bari ya taɓa jikin hoto.

Zane kuma fa? Ki raba ƙaramar albasa biyu ta tsakiya, ki bar ta ta sha iska kaɗan, ki dangwala a kalar zane ta 'yan makaranta ki buga a takarda: zobe cikin zobe ke nan. Ki datse kan kuɓewa, wato guro, ki dangwala ki buga: fure ne sak mai ganye-ganye, ba wanda zai ce daga kwandon cefane ya fito. Gindin fensir mai roba yana ba da ɗigo. Mai iya zanen lalle kuwa ba ta da uzuri ko kaɗan, hannun da ya iya yi wa amarya fulawa a ƙafa ai ba zai kasa yi wa gefen shafi ba. Ku je ku dubi allon zayyana na saukar karatu ku ga abin da ake yi da tawada da launi uku kacal.

Maganar gam ba zan wuce ta da sauri ba, don nan ne arha take zama tsada. Kada ki sa salatif a kan hoto. Yau yana da kyau, bayan 'yan shekaru ya yi ja, ya saki, ya bar tabon da ba ya fita har abada. Kada ki sa gam ɗin gyaran takalmi, kada ki sa mai kama-nan-take. Ku dubi tsofaffin albam na iyayenmu, irin masu shafi mai danƙo da leda a sama, ku ga yadda hotuna suka manne suka yi ratsi-ratsi a baya, in an ja su yage. Hoto ba ya son gam ko kaɗan. Abin da za ki yi, ki tara tsofaffin ambulan, ki datse kusurwoyinsu huɗu, kowace kusurwa ta zama ɗan aljihu mai siffar dala. Su za ki manna a shafi, ki zura kusurwoyin hoton a ciki. Hoto ya zauna daram, ran da kike son cire shi ki zare abinki lafiya lau. In kina son ƙawa ki lulluɓe aljihunan da waccan rarar santimita 12 da ta rage miki. Kin ga ba abin da ya tafi a banza.

Ita takardar ado da ƙyalle, farin gam na makaranta ya ishe su, a shafa kaɗan da tsinke, ba a malala ba, in ya yi yawa shafi ya kumbura. Ƙaro da aka jiƙa shi ma yana kama takarda. Kullun sitaci da aka dama yana yi, har ma masu gyaran tsofaffin littattafai a manyan ɗakunan karatu irinsa suke amfani da shi, amma a ɗakunanmu kiran kyankyaso ne da asu, sai in za ki riƙa dubawa. Takardar jarida kuma, in akwai wani abu da kike son ajiyewa a ciki, kada ta haɗa jiki da hoto, domin tana yin ja ta shafa wa maƙwabcinta. Gara ki yi hoton kwafinta ki manna shi.

To ƙanwata ta Maiyama, mu koma kan shawarar ƙawarki. Na san za ki ce ai ɗan abu ne, kuma shi da kansa yake cewa in kina son wani abu ki faɗa. Haka suke cewa dukkansu. Amma ki sani yarinyar da ta buɗe baki ta roƙi saurayi kuɗin takarda, ta koya masa farashinta. Gobe in ya ce ki ba shi hotonki guda daga cikin littafin, tunda da kuɗinsa aka yi, da wane baki za ki hana? Hoton nan kuwa ba naki ke kaɗai ba ne, akwai ƙawayenki a ciki, wasu ba ɗankwali, an ɗauka a ɗakin kwana ana wasa da dariya. A zamanin nan da ƙiftawar ido ake ɗaukar hoton hoto a watsa, amanar mutum goma kike riƙe da ita. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Littafin tunawa na mata ne, a ɗaki ake buɗe shi, ba a fita da shi zaure wurin zance.

In ma sai kun sayi takardar kantin ran ku zai kwanta, to ku yi mata adashi. Ku biyar ku haɗa kuɗi, ranar Juma'a in mai zuwa kasuwar Jega ya samu ku ba shi saƙon takarda biyar, kowacce da irin zanenta. Ku zauna ku tsaga, kowace takarda sili 25, kowace yarinya ta ɗauki biyar-biyar daga kowane iri. Kowacce ta biya kuɗin takarda ɗaya, ta tashi da zane iri biyar. Ita wadda ta fi ku iya riƙe almakashi ita za ta yanka, kada a ba mai rawar hannu don kunya. Kuma a yi amfani da rula da sabuwar reza a kan katako in ana son layi ya miƙe, ba a kan tabarmar Inna ba.

Ɓarɓashin da ya rage ki samo ambulan uku ko huɗu ki raba shi ta launi, ja da danginsa wuri ɗaya, shuɗi da kore wuri ɗaya, masu zinari wuri ɗaya. In ya taru, ki yanka shi 'yan murabba'i daidai-wa-daida ki jera a bangon littafin kamar yadda ake haɗa ƙyallaye a yi zanen gado. Bangon da ya fi kowane kyau da na taɓa gani haka aka yi shi, wata ɗalibata ce a Islamiyya, ta ce wata uku tana tarawa.

Kuɗin da kika tsimin nan kuma ga inda za ki kai shi: wankin hoto. Yawancinku hotunanku duk a waya suke, wayar ma ta yaya ce ko ta Mama. Ran da ta faɗa rijiya, ko aka sace, ko mai gyara ya ce sai an goge komai, shi ke nan an yi asarar shekara shida. Ki zaɓi guda 20 ko 30 waɗanda suka fi miki, ki kai a wanke a takardar hoto ta gaske, ba a buga miki a farar takarda ba. A bayan kowanne ki rubuta da fensir, ba da biro ba don yana hudowa: su wane ne, a ina, wace shekara. A ƙarƙashinsa a shafi ki sake rubutawa da kyakkyawan rubutu. Yau gani kike ba za ki taɓa manta sunan wadda kuke gado ɗaya sama da ƙasa ba. Ki tambayi Mama sunayen 'yan ajinsu ki ji inda za ta tsaya.

In an gama, littafin ya shiga leda mai kauri, a sa busasshen ganyen dogon yaro a gefe saboda ƙwari, a ɗora shi can saman kaya, ba a ƙasan gado ba, ba kuma jikin bangon da ke tsattsafo da damina ba. Mu mutanen bakin gulbi mun san dalili. Wadda ta ga ambaliyar 2020 a Jega da ƙauyukanta ta san cewa in ruwa ya shigo da dare, akwatin da ke ƙasa shi ne farkon tafiya, kuma katifa ana sake saye, hoton marigayi kuwa ba kanti. Lokaci-lokaci in hunturu ya shigo ki fito da shi ki buɗe shafukan su sha iska a inuwa, ki sa 'yar farar takarda tsakanin shafin da hotuna ke fuskantar juna don kada zafin bazara ya manne su.

Masu tambaya a kan yadda ake ɗinke littafin da zare da allura ba sai an kai shago ba, ku tara kwalayenku ku jira ni, da shi za mu buɗe fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A gaida su Inna.